Ɗacin da ke Tsakiyar Kara

Shekara talatin da huɗu Onelia Barrios ta yi tana naɗa taba a babban gidan naɗi na garin Pinar del Río, irin tabar nan mai kauri da ake yi da ganye zalla ba takarda, amma ba ta taɓa kunna kara ɗaya ta sa a baki ba. Ba wani babban dalili ne ya hana ta ba. Tana 'yar shekara tara ta saci guntun da kakarta ta ajiye a bakin murhu, ta zuƙe shi har cikin ƙirji, ta yini tana amai a bayan garken aladu. Daga ranar ta haƙura. Yatsunta sun san ganye, hancinta ya san shi, harshenta kuwa ko oho, kuma ba ta taɓa jin ta rasa wani abu ba.

Wata Laraba da hantsi, mai karatu yana tsakiyar karanta wa masu naɗi jarida ta lasifika, sai Evelio, shugaban masu duba aiki, ya zo ya tsaya a gefen teburinta yana sosa ƙeya. Ita ta koya masa riƙon wuƙar naɗi lokacin da ya fara aiki, shi ya sa har yau yake jin nauyinta.

"Yaya Onelia, in kin gama sa wa wannan karan rigarsa ta ganye, ki ɗan leƙo ofis."

Lázara, wadda suka shekara ashirin suna aiki kafaɗa da kafaɗa, ta zare guntun taba daga bakinta. "Shi ke nan, an kama ki. Sai da na ce ki daina yi wa mai karatu fari da ido."

"Rufe min baki, ke da kike hayaƙi kamar murhun gasa burodi."

A ofis Evelio ya tura mata takardu uku. Kowace safiya mutum shida ne ke zama a wani ɗaki a sama, a ba su taba ba suna sai lamba, su sha, su rubuta abin da suka ji. Mako uku a jere lamba arba'in da ɗaya tana dawowa da magana iri ɗaya. Arba'in da ɗaya kuwa ita ce.

"Farkon karan lafiya, ƙarshensa lafiya," in ji Evelio. "Tsakiyar ce. Huɗu cikin shida sun rubuta ɗaci."

"Nauyinsa fa?"

"Daidai."

"Injin gwada iska?"

"Iska na wucewa yadda ake so. Riga kuwa ai ba mai kama ƙafarki."

"To ganyen ne."

Evelio ya ƙara sosa ƙeya. "Dila ɗaya aka buɗe muku ke da Lázara. Nata ba wanda ya ce komai."

Wannan ce ta soke ta. Ta koma teburinta. Amma da aka tashi, tana tafe a ƙasa zuwa gida, sai ta lura ba haushi ne ke cin ta ba, tambaya ce. Wai tsakiya. A hannunta kara abu ɗaya ne tun daga kai har ƙafa, ganyen da ke nan shi ne ke can. Ta yaya abu ɗaya zai yi daɗi a nan, ya yi ɗaci a can, ya kuma dawo ya yi daɗi? Me mutanen saman nan suke ji wanda ita da ta naɗa ba ta sani ba?

Kowane ma'aikaci yana da rabon 'yan karare da yake naɗa wa kansa ya tafi da su gida. Nata rabon, tun rasuwar mahaifinta, Baba Nemesio take kai wa, aminin mahaifin, wanda ya shekara arba'in cikin masu ɗanɗano kafin ya yi ritaya. A zamaninsa "Harshe" ake kiransa. Ta same shi a baranda kan kujerarsa mai lilo, ƙafafu a kan akwati, hayaƙi na tashi a hankali daga hannunsa.

"Baba, tsakaninka da Allah, tabata ta canja?"

"Hannunki hannun ubanki ne, 'yata. Wa ya ce ta canja?"

Ta kwashe labari ta gaya masa. Tsohon ya zuba wa tokar karansa ido har ta fara zaton ya manta da ita.

"Ke me kika ji da kika sha?"

"Haba Baba, ka san ba na sha."

"To kin zo kina tambayar tsoho abin da ke cikin jakarki. Ki dawo ran Lahadi da la'asar. Ki ci abinci sosai kafin ki zo, kin ji? Sosai."

Ran Lahadi ta dafa shinkafa da baƙin wake, amma zumuɗi ya hana ta ci, cokali uku ta yi ta ture. Ta tarar ya jera komai a kan ƙaramin tebur: kara biyu, reza, ashana, faranti, kofin ruwa da gwangwanin sukari. Ta ɗauki kara ta kai kusa da kunne tana murzawa, yadda take ganin baƙi 'yan yawon buɗe ido suna yi.

"Me yake ce miki?" in ji Nemesio. "Ajiye. Taba ba rediyo ba ce. Yanke kan."

Wannan kam ba sai an koya mata ba. Ita ke liƙa wa kowane kara 'yar hularsa, ta san iyakar inda za a yanka riga ba ta warware ba. Ta shafce ɗan siriri, ta kai hannu ga ashana. Ya buge hannun.

"Ina za ki? Ja shi haka tukuna, ba wuta. Me kika ji?"

Ta ja. "Ganye."

"Shekara talatin da huɗu, wai ganye. Sake."

Ta sake ja. "Kamar... busasshiyar ciyawa. Da ɗan zaƙi-zaƙi a leɓe."

"Yawwa, kin fara magana."

Ya nuna mata yadda ake ƙyasta ashana a bari warin kanta ya ƙone tukuna, yadda ake riƙe ƙafar karan, wato gefen da ake kunnawa, a saman harshen wuta ba tare da ya taɓa ba, ana juyawa kamar mai gasa masara, har baƙi-baƙi ya zagaye ta. Sannan a sa a baki a ja gajeru biyu ko uku, a fitar a hura ƙafar a ga ko jan wutar ya kama ko'ina.

"Yanzu abu ɗaya, shi ne duka karatun. Hayaƙin nan baƙon baki ne. Iyakarsa falo, ba ya shiga uwar ɗaka. Ki riƙe shi, ki juya shi, ki buɗe masa ƙofa ya fita. Kada ki haɗiya."

Ba ta haɗiya ba. Amma hannun da ya saba gama kara ɗari da goma a yini bai iya jira ba. Ta ja, ta ja, ta ƙara ja, tana neman tsakiyar nan da sauri kamar mai neman layi a shafin jarida. Karan ya yi zafi, harshenta ya yi yaji. Can sai baranda ta fara juyawa, gumi mai sanyi ya keto mata a goshi.

"Cokali nawa kika ci?" Nemesio ya tambaya, yana buɗe gwangwani.

"Uku."

"Allah ya shirye ki. Buɗe baki."

Ya zuba mata sukari cike da cokali a ƙarƙashin harshe, ya sa ta kwantar da kai a jikin ginshiƙi. Da ta dawo hayyacinta ta kai hannu za ta murƙushe karan a faranti, ya sake buge hannun.

"Ba a kashe shi. Ki kwantar da shi, zai mutu da kansa. In kika murje shi gidan nan zai yini yana wari kamar an ƙona tsumma."

Ta koma gida tana rantsuwa ba za ta sake ba. Ran Talata kuwa, tana cikin aiki, ta kama kanta tana tunanin ɗan zaƙin nan na leɓe, daga wane ganye ya fito.

Lahadi ta biyu ta ci har da ƙari, da rogo da miyar tafarnuwa. Nemesio ya kafa mata doka: in ta ja sau ɗaya, sai ta ajiye ta ba shi labari ɗaya daga wurin aiki kafin ta sake ja. Da haka ya san wanda ya rabu da matarsa, da wadda aka ƙara wa girma ba ta cancanta ba. Da haka ita kuma ta gane karan da aka bari ya huta hayaƙinsa sanyi ne da shi, mai laushi, ba ya cizo. Ya hana ta kakkaɓe toka kamar masu sigari. A bar ta ta kai tsawon gaɓar yatsa, in ji shi, ita ke kare wutar daga iska, in ta gaji za ta faɗi da ɗan taɓi. In wuta ta mutu ba abin kunya ba ne, a share tokar, a hura ta ciki a kori tsohon hayaƙi, a sake kunnawa.

Kuma bayan kowane ja sai ya matso da kujera. "Me kika ji?"

Da farko kunya take ji, don abin da ke zuwa mata a rai ba irin kalmomin takardun Evelio ba ne. Daga baya ta saki jiki.

"Ƙasa, ranar ruwan farko."

"Ina? Gaban harshe ko baya?"

"Baya. Yanzu kuma kamar ɓawon burodi da ya ɗan ƙone. Tsaya... cikin kabad ɗin mahaifiyata, inda take ajiye zannuwan gado."

Tsohon ya lumshe ido, kujera tana lilo. "Ci gaba."

Ranar ce ta fara jin kara yana sauya hali a hanya. Abin da ya fara da ciyawa ya koma gyaɗa soyayyiya, can gaba ya yi nauyi, ya fara yaji a hanci. Ta zauna tana kallon abin da hannunta ya yi dubbai, kamar yau ta fara ganinsa. To amma ba ta san ko ɗacin da ake faɗa shi ne wannan nauyin ba, don ba ta da abin gwadawa.

Ran Juma'a ta ce wa Lázara, "Ƙawata, ba ni kara ɗaya cikin rabonki."

"Ki kai wa wa? Kin yi saurayi ne ba mu sani ba?"

"Ni zan sha."

Lázara ta buga wuƙarta a tebur har mai karatu ya ɗaga kai. "Jama'a ku zo ku ji! Waliyyiya ta faɗi!" Ta zaɓo mafi kyau ta miƙa mata. "Ki sha ki ji yadda manya ke naɗi."

Lahadi ta uku Nemesio ya karɓi karan biyu, nata da na Lázara, ya cuɗa su a bayansa, ya ɗaura wa ɗaya jan zare don kada su rikice. Shi kansa bai duba na wa ya ɗaura wa ba. Onelia ta kunna su duka, tana ja nan, ta kurɓi ruwa, ta jira, ta ja can. Rabin sa'a suna tafiya tare kamar tagwaye. Sai mai jan zaren ya fara nawa, wutarsa ta karkace gefe. Ta ja, ta yamutsa fuska, ta ajiye shi a faranti.

"Kai! Ga shi nan. Kamar na tauna ƙwallon lemo. Baba, ga shi nan, na same shi!" Murna take yi kamar ba laifinta ta gano ba. "Ungo, ja ka ji."

Ya karɓa ya ja, ya riƙe hayaƙin, ya sake shi a hankali, ya gyaɗa kai. "E, akwai shi. Ɗaci sosai."

Ta kai hannu faranti za ta ɗauki ɗayan, sai ta ga jan zare. Mai ɗacin yana nan kwance a gabanta. Garin rawar jiki, mai daɗin ta miƙa masa.

Ta dube shi. Ya bi idonta ya ga zaren. Kujerar ta daina lilo.

"Baba?"

Ya juya karan a yatsunsa. "Kin tuna zazzaɓin da ya kwantar da ni bara waccan? Da na tashi, na sha kofi na ji ruwan zafi. Na ce zai dawo. Shekara biyu ke nan. Gwaba, nama, taba, duk ɗaya. Iska mai ɗumi."

"Kuma kullum na kawo sai ka ce ta yi daɗi."

"Me zan ce? Mutumin da gari ke kira Harshe?" Ya yi 'yar dariya da ba ta kai ido ba. "Ko 'yata da ke Havana ba ta sani ba."

"To me ya sa kake sha?"

"Hannu ya saba. Kuma ina jin nauyin hayaƙin a baki, ina kallon toka, sa'a guda tana wucewa ba wanda ya ce in tashi. Ba kaɗan ba ne wannan." Ya nuna ta da karan. "Amma ranar da kika ce kabad ɗin mahaifiyarki, na rantse sai da na kusa ji. Ni ma uwata tana da irinsa."

Onelia ta matso kusa da shi. Ta tura masa kofin ruwa, ya sha, ya goge baki, ya gyara zama kamar wanda ya sauke buhu.

"Ido dai yana nan," ya ce. "Na fi wata biyu ina ganin tokarki tana yin duhu a tsakiya, wuta tana nawa. Na ƙi yarda da ido tunda ba shaidar harshe. Miƙo min sabon kara cikin naki, da rezar nan."

Ya tsaga shi daga kai har ƙafa, ya buɗe a faranti kamar mai gyaran kifi. Suka haɗa kai suna tonawa. Ga ganyen gindin shuka mai cin wuta, ga na tsakiya mai ƙamshi, ga na sama, baƙi mai kauri, wanda ya fi shan rana ya fi kowanne ƙarfi, yana bin tsakiya yadda ya kamata. Amma daidai rabin karan sai ga guntaye uku na baƙin ganyen sun taru wuri ɗaya, ɗaya kan ɗaya.

Ba sai ya yi bayani ba. Mai naɗi in ya haɗa ganye a tafin hannu, yakan tsinke abin da ya yi tsawo ya rarraba guntayen a duk inda ya ji rami. Ita ma haka take yi tun tana budurwa. Ta ɗaga babban yatsanta na dama ta dube shi. Tun farkon damina yake mata ciwo a gindi, ba ta gaya wa kowa ba. Ashe yatsan ya daina zuwa nesa, sai ya riƙa cusa guntayen a inda ya fi kusa, ƙarƙashin tafin hannu. Bai toshe iska ba balle inji ya kama, bai ƙara nauyi ba balle sikeli ya nuna.

"Munafuki," ta ce wa yatsan.

"Kowa da nasa," in ji Nemesio.

Ran Litinin ta koma koyon abin da ta iya. Ta riƙa ajiye guntayen a tebur, ta ɗauke su da hannun hagu ɗaya bayan ɗaya. Lázara ta gama hamsin ita tana talatin da biyu.

"Ke, taba kike naɗawa ko kitso kike mata?"

"Naki ma ba wani abin kirki ba ne. Ƙarshensa yana kartar maƙogwaro kamar an haɗiyi yashi."

Lázara ta saki baki. "Mako uku da fara sha, har kin zama alƙali?" Amma da rana Onelia ta hango ta ta tsaga kara ɗaya a ɓoye tana leƙa cikinsa.

Bayan mako biyu takardar arba'in da ɗaya ta sauko ba ko ɗigo. Saurinta bai koma yadda yake ba, likitan unguwa ma ya ce yatsan sai dai lallaɓawa, amma ta kai casa'in ta tsaya a nan. Ta roƙi Evelio ya bar ta ta zauna da mutanen sama safiya ɗaya, don ta ga yadda suke yi. Aka ba ta kara uku, da baƙin shayi ba sukari, da takarda mai 'yan akwatuna da ake sa wa alama. Ta cike akwatunan, ta cike gefen takardar, ta juya baya.

"Yaya Onelia, ba wasiƙa aka ce ki rubuta ba," in ji Evelio. Ya karanta har ƙarshe duk da haka, sannan ya ce akwai kujera in tana so, ɗaya daga cikinsu zai yi ritaya. Ta yi kwana biyu tana tunani ta ce a'a. Kara uku kafin ƙarfe tara na safe, kullum, ba da ƙirjinta ba. Ɗaya a mako ya ishe ta, kuma ta riga ta san inda za ta sha shi.

Nemesio da bakinsa ya gaya wa 'yarsa, daga baya ya gaya wa abokan wasan dominonsa, waɗanda suka yi masa tsiya kwana biyu suka manta. Ɗanɗanon bai dawo ba. Lahadi dai ta zama tasu.

Wata Lahadi cikin watan Disamba wani ɗan ƙanensa manomi ya aiko masa da taba daga San Luis, naɗin gona, mummuna, mai jijiyoyi a riga. Onelia ta kunna tana raina ta. Da ta kai kashi ɗaya cikin uku sai ta zare ta daga baki ta tsura mata ido.

"Me kika ji?"

"Ban sani ba."

"Babu ban sani ba. Zaƙi? Gishiri?"

"Da gishiri kaɗan. Abu ne mai ɗumi, kamar mai rai. Na san shi, na rantse na san shi, sunan ne ya ƙi zuwa."

Ya tasa ta gaba zuwa kicin, yana buɗe mata gwangwanaye tana shinshinawa: kofi, kirfa, busasshen ɓawon lemo, har da tsohon takalminsa. Ba ko ɗaya. Karan ya ƙare ba su samu ba, tsohon ya yi ta mita wai an ba shi labari an hana shi ƙarshe.

Ran Talata da yamma ta fito daga aiki, mota ta ƙi zuwa, ta hau keken doki. Ta zauna a gaba kusa da mai keken. Dokin ya yini yana aiki a rana, da iska ta kaɗo daga wuyansa, inda fatar linzami ta jiƙe da gumi, sai Onelia ta dafe hannun mutumin.

"Tsaya! Tsaya nan!"

"Lafiya, uwa? Ba mu kai ba."

Ta sauka ta zagaya, ta kai hanci jikin fatar ta shaƙa, fasinjoji suna kallon ta, dokin ma ya waiwayo. Sannan ta juya ta kama hanyar gidan Nemesio da sauri-sauri, jaka na dukan cinyarta. Tun daga bakin titi ta fara ɗaga murya.

"Baba! Fatar linzami ce! Linzamin doki da ya sha gumi!"

Tsohon ya dafa hannun kujera ya miƙe zaune. Ya lumshe ido, leɓensa yana motsi.

"Gonar da ke gangaren rafi ce," ya ce. "Ita kaɗai ke ba da ganye mai wannan ƙamshin, amma ja'irin ɗan ƙanen nan nawa ya ce min ya daina shuka ta. Shigo, shigo ki zauna. Tun daga ja na nawa ya fara fitowa?"